Turaren Wuta a Ɗakin Ƙarfe

Assalamu alaikum, masu karatu. Na ga tambayoyinku, har da ta yarinyar nan da ta dage sai na faɗa mata ko Mika'ilu kyakkyawa ne. 'Yata, siriri ne mai dogon wuya, ga kunnuwa fatan-fatan, amma ni a lokacin ban ga namijin da ya kama ƙafarsa ba a duk ƙasar Gumel. Kin ji amsa, ki bar ni in wuce, domin abin da zan ba ku yau shi ne wanda na yi ta kewaye-kewaye ina gudun isowa kansa.

Ga wanda yau ya fara leƙowa: ni ce Zuliha, 'yar Malam Sabo akawu. A shekarar 1978 ina koyarwa a wata firamare da ke kan hanyar Maigatari, na haura ashirin ban yi aure ba, abin da matan unguwarmu ke ambata da ƙasa-ƙasan murya kamar wani mugun ciwo. Mika'ilu kuwa Bafillace ne, mutanen wajen Sule Tankarkar. Farin da aka yi a shekarun baya ya cinye musu shanu ƙarƙaf, mahaifinsa bai daɗe ba ya bi su. Shi yana makarantar aikin gona a Zariya lokacin, ya dawo ya tarar da uwarsa, Inna Fatsuma, tana saro nonon shanun wasu tana talla. Tun daga ranar ya ce shi da shukar da za ta riƙa kallon sama tana jiran hadari sun raba hanya.

Kamfanin da ya yi aikin titi ya tashi ya bar wata kwantena a gindin wasu manyan darbejiya, ba nisa da makarantarmu. Irin dogon akwatin nan ne da ake sauke kaya da shi daga jirgin ruwa, a lokacin baƙon abu ne, mutane ɗakin ƙarfe suke ce mata. Mika'ilu ya roƙa aka bar masa. Ya yaɓe ta da laka ta waje, ya yi mata rumfar zana a sama, ya huda ƙananan tagogi ya sa musu raga. Ta ciki ya zuba yashi a ƙasa, ya rataye buhunan algarara a jikin bango, safe da rana da yamma yana jiƙa su da ruwan rijiya. A cikin wannan ɗaki yake noma laimar kwaɗi.

E, kun karanta daidai. Sai dai ba irin wadda ke fitowa a kan juji da damina ba. Tasa fara ce mai ratsin toka, faffaɗa, tana fitowa curi-curi daga jikin ledoji da ya cika da dafaffen karan dawa da ɓawon gyaɗa. Wani malaminsu baƙo ne ya ba shi irin a cikin kwalabe kafin ya koma ƙasarsu, kuma Turawa da Kwarorin Kano, wato 'yan kasuwar nan mutanen Lebanon, suna neman ta ido rufe.

Ranar da na fara shiga, 'yan ajina na kai su gani. A waje rana kamar ta fasa kai, muna sa ƙafa ciki wani sanyi ya rufe mu irin na cikin randa.

"Malama, a cire takalmi, a kuma ja ƙofa," in ji shi, ko kallona bai yi ba. "Abu biyu ke kashe ta, zafi da rashin iska."

A raina na ce ji wannan, sai ka ce ɗakin mai jego. Da muka fito ya soya kaɗan da albasa da man gyaɗa ya miƙo. Yara suka watse da gudu. Ni kuma da taurin kaina, ganin yana jira in ƙi, na sa hannu na ci. Ban mutu ba, na kuma ƙara. Daga nan ne ya fara kallona.

Da maganarmu ta isa gida, Iya ta zauna a bakin murhu ta yi kukanta. Ita ba talaucinsa ya dame ta ba, sunan ne. Ta ce yanzu a gidan biki za a riƙa nuna ta ana cewa ga surukar mai laimar kwaɗi. Baba bai ɗaga murya ba, dama ba halinsa ba ne. Ya kira ni turakarsa, ya rage rediyo, ya ce:

"Zuliha, ban hana ki karatu ba, ban kuma taɓa nuna miki wani na ce shi za ki aura ba. Amma ba zan ɗauke ki in ba mutumin da ke noma abin da akuya ke tsallakewa ba, sai na san abin zai riƙe gida. A bari zafi ya shigo. In abin nasa ya rayu a bazarar garin nan, Baffanki Ubale ya je ya gani da idonsa, to na ba shi. In bai rayu ba, a mayar masa da kayansa, kada kuma in ƙara jin maganar."

Na ce, "To, Baba." Wallahi har daɗi na ji, don na san abin da na gani a ɗakin nan.

Ku da kuke da waya a hannu ba za ku gane wahalar jiran saƙo ba. Mu wayarmu Gwaggo Yelwa ce, ƙanwar Baba, mai sana'ar ƙuli-ƙuli. A wurinta Mika'ilu ke kwasar ɓawon gyaɗa, shi ya sa duk abin da ya faɗa sai ya iso min, bayan ta ƙara masa gishiri da yaji. Bazara ta shigo da ƙarfinta, irin wadda ko ƙadangare ba ka gani a kan katanga da azahar, aka sa ranar Juma'a da hantsi Baffa zai je, Gwaggo ta raka shi ta gaida uwar yaron. Ranar Laraba ta shigo tana fifita da gefen gyale.

"Mutumin naki ya ce in gaya miki sun fito. Wai kowace leda ta yi kunnuwa, har ya rasa wadda zai fara nuna wa Yaya Ubale. Gobe zai tafi kasuwar Maigatari sayen goro da sabuwar tabarma, wai kada surukai su zauna a kan buhu."

"Sai me kuma ya ce?"

"Ya ce in kin ga dama ki daina rama, ba a kai wa mutum amarya kamar sillen kara."

"Gwaggo, wannan ke kika faɗa."

"To ƙarya na yi?"

Ranar Juma'a ban iya karyawa ba. Na yi wanka na ɗaura atamfata mai ruwan ganye, wadda na saya da albashina na fari, na kafa ɗauri, na zizara kwalli, duk da na san babu mai ganina sai kajin Iya. Na share tsakar gida, na goge langunan Iya da babu abin da ya same su, na sake sharewa. Iya tana kallona ta gefen ido tana tsintar shinkafa.

Kafin a tafi masallaci suka dawo. Baffa ya wuce turakar Baba kai tsaye, ko amsa gaisuwata bai yi da kyau ba. Gwaggo ta shigo ɗakin Iya ta zauna a bakin gado, ta cire gyale ta ninke shi a hankali. Gwaggo Yelwa da ke fara labari tun daga zaure, yau ita ce ke ninke gyale. Na bi ta na tsaya a bakin ƙofa.

"Gwaggo, lafiya?"

"Zauna, Zuliha."

"A tsaye ma ina ji."

Ta dube ni, ta dubi Iya. "Abin ya mutu, 'yar nan. Duka. Mun tarar da shi a bakin ƙofa ya shimfiɗa sabuwar tabarma, ya ajiye goro, idonsa jawur. Ya buɗe mana ɗakin. Ƙamshi dai kamar ɗakin amarya, ban san inda ya samo turare mai kyau haka ba. Amma abin da ke jikin ledojin duk ya yi rawaya, ya yi yaushi ya rataye, wani har ya fara ruwa. Yaya Ubale ya taɓa ɗaya ya goge hannu a bango."

"Me ya ce ya faru?"

"Yaya ya tambaye shi har sau nawa. Ya sunkuyar da kai ya ce, Baffa, zafi ne ya fi ƙarfina, ni ne ban iya ba. Daga nan bai ƙara ba. Ita kuwa uwar tasa, baiwar Allah, ta dama mana fura a sabuwar ƙwarya, tana ta ina-ka-saka da mu, ko labari ba ta da shi."

Iya ta ce, "Allah Ya sa haka shi ne mafi alheri." Ban san lokacin da na fice na shige ɗakinmu ba. Kuka bai zo ba, haushi ne ya zo. Mutumin da ya kwashe watanni yana jan guga har tafin hannunsa ya yi kanta, shi ne zai ce bai iya ba? Shekaranjiya kowace leda ta yi kunnuwa, yau zafi ya fi ƙarfinsa? Zafin Laraba da na Alhamis ai duk ɗaya ne.

Bayan la'asar aka ce ana sallama da ni. Na same shi a zaure tsaye, ya jingina kekensa a waje, sanye da farar rigar da na san don Baffa ya wanke ta ya kai wa mai guga. Ban gaishe shi ba. Ina matsowa ƙamshi ya buge ni, turaren wuta ne na gaske, ya kama rigar har zare.

"Mika'ilu, wa ya sa turare a ɗakin?"

Ya kawar da kai, na ƙara matsowa.

"Kai da ka hana ni shiga da man shafawa mai ƙamshi. Wa ya sa?"

Ya zauna a kan dakali. Yana kallon ƙasa ya ce, "Inna ce."

A nan sai na tsaya na yi muku bayani, don 'yan yanzu ba lallai ku sani ba. Mika'ilu ɗan fari ne, kuma kunyar ɗan fari a wurin Fulani ba wasa ba ce. Inna Fatsuma ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce yaron nan. Ba ta zama su yi hira, ba ta tambayarsa me yake yi, in ta ajiye masa abinci juya baya take yi ta tafi. Bukkarsu tana kallon ɗakin ƙarfen, amma tunda ya fara aikin ba ta taɓa leƙawa ba, shi ma bai taɓa zaunar da ita ya ce ga yadda abin yake ba. Ba ƙiyayya ba ce. Haka suka iya son junansu.

"Da na tafi Maigatari," in ji shi, "ta ji labarin iyayenki za su zo, ga shi ba ta da abin da za ta fita kunyarsu da shi. Sai ta buɗe ɗakin. Ta ji warin danshi, ta ga jiƙaƙƙun buhuna, ta ga yashi caɓa-caɓa. Ta ce a nan za a shigo da mutanen birni? Ta kwashe buhunan ta shanya, ta share yashin tas. Ta sayar da ƙwaryarta ta ado, ta aure, ta sayi turare. Ta cika kasko biyu da garwashi ta ajiye a ciki, ta toshe tagogin da tsumma don kada ƙamshin ya fita, ta ja ƙofa ta rufe. Tun hantsi. Ni kuma sai magariba na dawo."

"Kwalaben irin fa?"

"Suna ciki."

Na dafa bango. Na san abin da hakan ke nufi, wanda ya ba shi irin ya bar ƙasar, kuma ba abu ba ne da ake awo a kasuwar Gumel. Amma a cikin wannan baƙin ciki sai wani haske ya zo min.

"To ai shi ke nan. Ba bazara ce ta kashe ta ba. Tashi mu je ka gaya wa Baba. Kai ka san Baba, in ya ji gaskiya zai ƙara maka lokaci. Abin ya rayu har Laraba, Gwaggo shaida ce."

"A'a."

"A'a kamar yaya?"

"In Baba ya ji, Baffa ya ji. In Baffa ya ji, matansa sun ji, kafin kasuwa ta sake ci labarin ya isa rugarmu. Zuliha, matar nan ta tsaya tana kallo shanunta suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ta rufe idon mijinta da hannunta, ban ga hawayenta ba. Jiya da na dawo na same ta a bakin bukka tana murmushi ita kaɗai, rabon da in ga haka tun kafin fari. A zatonta ta yi min abin da uwa ke yi wa ɗa. In ta san hannunta ne ya kashe min abin nan, ya kuma raba ni da ke, ba za ta yi kuka ba. Abinci za ta daina ci, shiru-shiru, har ta bi mahaifina."

"Ni kuma fa?" Na faɗa da ƙarfin da ban yi niyya ba. "Ni ba mutum ba ce? Ni sai a mayar da kayana kamar an fasa cinikin akuya?"

Ya ɗago ya dube ni, idon nan jawur. "Ke kina da Baba da Iya da Gwaggo. Ita ni kaɗai gare ta. Ki yi min alkawari."

Na so in zage shi. Na so in ce masa matsoraci, in ce kunyar taku ta banza da ta hana ɗa ya ce wa uwarsa kada ki taɓa min ɗaki. Amma abin da ya sa nake jin haushinsa a zauren nan shi ne dai abin da ya sa na so shi tun farko, kuma na san haka ina tsaye. Ban ce na yi alkawari ba, ban ce ban yi ba. Na juya na shige gida na bar shi a kan dakali.

Washegari da safe Baba ya sa aka fito da kayan na-gani-ina-so da suka kawo, 'yar akwati ce da turmin atamfa da sabulu da ɗankunne, aka ajiye a ƙofar turakarsa don Baffa ya mayar. Ya kira ni ya ce shi ba mai son ɓacin raina ba ne, amma ƙasarmu rabin shekararta zafi ne, abin da ya mutu a farkon bazara ba zai ciyar da ni ba. Kowace kalma tasa gaskiya ce in da zafin ne. Maganar ta zo min har bakin haƙori, na haɗiye ta da ƙyar, na ce, "Na ji, Baba."

Rana ta ɗan ɗaga sai muka ji sallama a tsakar gida, siririyar murya. Inna Fatsuma ce. Ta tako tun daga ruga da ƙafa, da baƙin zanenta na saƙi da ya koɗe, da ƙwaryar nono a ka. Ban taɓa ganinta kusa haka ba, 'yar ƙarama ce, duk jijiya. Uwar saurayi ba ta zuwa gidan budurwa haka kawai, balle Bafillata, don haka Iya ta rikice ta shimfiɗa mata tabarma a inuwa, ta ce in kawo ruwa.

Na durƙusa na ajiye kwanon sha. Ta sauke ƙwaryar ta tura gaban Iya. Idonta ya kai kan akwatin da ke ƙofar turaka, ta gane ta, ta kawar da kai.

"Na ji an ce abin yaron nan ya lalace," in ji ta, tana kallon tabarma. "Shi bai faɗa min ba, ba ma irin wannan maganar da shi. Na zo ne in ba da haƙuri. Mu ba mu da komai yanzu, kun sani. Amma ba mu rena ku ba, Allah Ya gani."

Iya ta ce, "Haba, wa ya ce kun rena mu?"

"Na yi iyakar yina. Ɗakin nan na same shi jiƙe kamar makwancin shanu da damina. Na kwashe, na share, na yi turare mai tsada, na toshe ko'ina na rufe tun safe don ya kama sosai kafin baƙi su zo."

Hannun Iya ya tsaya a kan faifan da take rufe nonon. Iya ba ta yi boko ba, amma ta ji ni sau ba adadi ina faɗin abu biyu da ke kashe abin nan. Ta ɗago ta dube ni. Gwaggo Yelwa da ke bakin madafa ta sa gefen zane ta rufe baki. Ƙofar turakar Baba a buɗe take, labule kawai ne tsakaninmu da shi, kuma ban san ko muryar tsohuwar ta kai can ba. Kalma ɗaya zan faɗa da ɗan ƙarfi, akwatin nan ta koma ɗaki.

Inna Fatsuma ta juyo gare ni. Karon farko ke nan da ta dubi fuskata, ta kamo hannuna da nata mai kaushi.

"Ke kin yi karatu, 'yata, kin san abin nasa. Ki gaya min tsakaninki da Allah. Akwai abin da ya kamata in yi masa da ban yi ba?"

Na dubi hannun nan da ke riƙe da nawa. Na yi ƙasa da murya yadda ba za ta wuce tabarmar ba.

"Babu, Inna," na ce. "Kin yi komai. Zafi ne."